Ziyarar 'yan'uwa a ƙetare: daga jakar tsaraba zuwa zaman cin abinci

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a wuri ɗaya suka taru: tafiya ganin 'yan'uwa a wata ƙasa, da zaman cin abincin da kowa ke ɗokin a yi idan an haɗu. Mun zaɓi shida, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Zan je ganin ɗiyata da jikokina a Jamus, kuma wannan ce fitata ta farko. Na tanadi busasshen nama, cuku, zuma, busasshen kifi da kayan yaji da na daka da hannuna. Wata ta ce duk ƙwacewa za a yi, wata ta ce in cusa tsakiyar tufafi ba mai gani. Maganar wa zan bi? — Daga wata kaka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta farkon ta ƙara gishiri, ta biyun kuwa za ta kai ki ta baro. Bari mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Nama da duk dangin madara ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyin da ya fito daga wajenta. Busasshe ne, soyayye ne, na gwangwani ne, duk hukuncinsu ɗaya. Don haka naman da cukun a bar su a gida. Kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, busasshe ko mai banda, in ɗanye ne sai an cire kayan cikinsa. Zuma har kilo 2. Kayan yaji busassu, dakakku, ba su cika jawo magana ba. Inda mutane ke faɗawa ba su sani ba shi ne ɗanyen kayan lambu, 'ya'yan itace da irin shuka: tun Disamban 2019 sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, in ban da abu biyar, wato dabino, ayaba, abarba, kwakwa da wani ɗan itacen Asiya mai suna durian.

Ba ƙyamar abincin kowa ake yi ba. Ƙwayar cutar zazzaɓin aladu tana yin watanni a raye cikin busasshen nama, daskarewa ma ba ta kashe ta. Cutar baki da kofato da ta ɓarke a Birtaniya a 2001 ta sa an hallaka dabbobi sama da miliyan 6, kuma an bi sawunta har zuwa wata gonar aladu da ake ciyarwa da ragowar abincin da ba a dafa ba. Guntun nama ɗaya da aka jefa a shara ya isa ya tayar da irin wannan bala'i, shi ya sa jami'in kwastan ba ya sauraron cewa ai kaɗan ne, na jikoki ne.

Tunda masu tambaya irin taki suna da yawa, ga na sauran wurare a taƙaice. Birtaniya ma ba ta karɓar nama da madara daga yawancin ƙasashen duniya, a Afrilun 2025 kuma ta faɗaɗa hanin har ya haɗa da masu zuwa daga Tarayyar Turai. Amurka tana so a bayyana duk wani abin ci, komai ƙanƙantarsa, tarar ɓoyewa kuma tana iya kaiwa dala 10,000. Can ko dunƙulen ɗanɗano mai ɗauke da naman kaza ko na sa ana iya karɓewa, haka ɗanyar shinkafa daga ƙasashen da ke da wani ƙwaron hatsi da suke gudu. Ostareliya tana cikin waɗanda suka fi tsanani, don har biza ana iya sokewa a mayar da mutum inda ya fito. Tuffar da aka ba ki cikin jirgi ma, a cinye ta ko a bar ta a kujera. An ci tarar mutane a kanta.

Abin da za ki riƙe: wanda ya bayyana kayansa, iyakacin abin da zai same shi a karɓe abin da bai halatta ba, ya wuce. Wanda ya ɓoye, na'ura ko kare ya bankaɗo shi, shi ake ci tara. A filin jirgin Jamus za ki ga ƙofa kore da ƙofa ja. In akwai abin da kike shakka a kansa, bi ta ja ki nuna.

Wajen ɗauri, tara duk abin ci a jaka ɗaya, a sama, ta yadda za a buɗe a gani ba sai an zazzage tufafinki a gaban jama'a ba. Kowane ƙulli a leda mai haske, a rubuta sunansa a jiki da Turanci. Garin da ba suna shi ke ɓata lokaci. Zuma ta tafi a babbar jaka, cikin roba mai murfin murɗawa, a naɗe bakin da salatif, a sa ta cikin leda biyu. A jakar hannu, a yawancin filayen jirgi, duk abin da ke zuba ko shafuwa ba ya wuce mililita 100, zuma kuwa tana ciki. Kifin a rufe shi ruf, in ba haka ba duk zannuwanki shi za su yi ta ƙamshi har ki dawo. Kuma kafin ki cika kilo 23 ɗin da aka ba ki, ki karanta wa ɗiyarki jerin kayan a waya. Sau da yawa rabinsu ana samu a shagunan baƙi na unguwarsu, ita kuma akwai ƙaramin abu ɗaya da take marmari wanda bai zo miki a rai ba.

Ɗana da ke Amurka ya ce idan na zo ni zan yi girkin taron dangi, mu goma sha biyar, manya goma yara biyar. Na iya girki, amma ban taɓa yi a kicin irin nasu ba. Me zan auna, me zan kiyaye? — Daga wata uwa

Mama, hannunki ba shi da matsala, murhun ne baƙo. Mu fara da awo. A lissafa yaro rabin babba, sai ya zama cikin mutum goma sha uku za ki ciyar. Ɗanyar shinkafa giram 90 zuwa 100 ga kowane ciki, wato kilo 1.3, ki kai shi ɗaya da rabi don masu ƙari. Nama mai ƙashi giram 300 ga mutum, kusan kilo 4 ke nan. In tsoka ce zalla, kilo biyu da rabi ya wadatar. Kayan lambu kilo 2. A shagunan Amurka da fam ake awo, fam ɗaya giram 454, don haka kilo 4 ya kusa fam 9. Kofin awonsu kuma mililita 240 ne.

Shinkafa kilo ɗaya da rabi in ta nuna tana kai kusan kilo 4. Tukunyar gida mai mutum huɗu ba za ta ɗauka ba, in kuwa aka tilasta mata sai ƙasa ya kama, sama ya tsaya da gari-gari. Raba ta tukunya biyu, ko ki yi ta a obin: awo ɗaya na wankakkiyar shinkafa, ɗaya da rabi na tafasasshen ruwa, a faffaɗan tire, a rufe da takardar foyil sosai, minti 30 zuwa 35, sannan a bar ta rufe minti goma. Ki duba irin shinkafar da suka saya tukuna. Basmati ba ta shan ruwa kamar wadda aka turara, kuma ta fi saurin nuna. Gishiri da barkono ba a ninka su daidai da yadda aka ninka abinci. Sa kashi biyu cikin uku na lissafinki, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara. Ga yara kuma, da duk wanda aka haifa can, ki ajiye yajin a kwano daban.

Lambobin obin ɗin Amurka na ma'aunin Farenhait ne. Idan kika ga 350, shi ne kusan 180 na Salshiyos. 400 kuma 200. Wanda ya saba da 180 ya je ya murɗa 180 a can, kazarsa za ta wuni ba ta nuna ba, don zafin bai ma kai na tafasar ruwa ba. In obin ɗin mai fanka ne, a rage kamar digiri 20 na Salshiyos.

Murhun fa? Mai lantarki na yau da kullum yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Ko kin kashe yana ci gaba da dafawa, saboda haka sauke tukunyar gefe za ki yi. Akwai kuma mai fuskar gilashi da ke aiki da maganaɗisu, wanda ba ya dafa komai a tukunyar alminiyam. Gwajinsa mai sauƙi ne: manna maganaɗisu a gindin tukunya, in ya kama za ta yi. Kada ki wahalar da kanki da ɗauko injin markaɗe daga gida. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta yawancin duniya 220 zuwa 240. Injin zai yi ta gurnani ba ƙarfi.

Sai suya, wadda ita ce ta fi kunyata baƙi. Gidajen can a rufe suke, kuma akwai ƙararrawar hayaƙi a rufi, a wasu benayen ma idan ta yi ƙara duk ginin ke ji. Kunna fankar zuƙe hayaƙi kafin ki ɗora mai, ki buɗe taga, ki tsane naman da kyau, ki soya kaɗan-kaɗan. Kada wani ya ce a cire wa ƙararrawar batir. Man da ya rage kuma ba a zuba shi a wurin wanke-wanke, daskarewa yake ya toshe bututu, gyaran kuma kan ɗanki zai faɗa. A bari ya huce a juye a kwalba.

Ba a fafa gora ranar tafiya. In naman daskararre ne, a sauko da shi ƙasan firji kwana biyu kafin ranar dafa shi, don kowane kilo 2 yana cin kusan awa 24 kafin ya saki. Miya da dahuwar nama a gama su jajibiri, ranar taro sai shinkafa da kayan lambu. Kuma ki yi ƙaramin girki ɗaya kwana biyu kafin nan, na mutanen gida kawai, ki san halin murhun. In garin nasu kan tudu yake kamar Denba, ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 95, wake da nama za su ƙara lokaci.

Wata 'yar shawara da ba ki tambaya ba: kicin ɗin na surukarki ne. Ki tambaye ta wace wuƙa, wace tukunya, wane cokali ne ba a sa wa kaskon da ba ya kamu. Ki ba ta wani ɓangare na girkin ya zama nata.

Za mu sauka Asabar da safe, yayana yana so a yi babban zaman a daren ranar. Mahaifinmu yana da ciwon suga, yana allurar insulin. Ya dace? — Daga wani ɗan'uwa

Malam, a ɗaga shi. Jiki yana buƙatar kusan kwana ɗaya don kowace awa ɗaya ta bambancin lokaci, tafiya gabas kuma ta fi wuya. Daren farko ciki bai san dare ya yi ba, baƙi na gyangyaɗi a kan kwano, mai girki na jin an raina aikinta. Kwana na uku ya fi, da rana in zai yiwu. Ranar sauka a ci abu marar nauyi, a sha ruwa sosai, a fita a sha hasken rana.

Game da Baba, insulin a jakar hannu yake tafiya, don a cikin kayan ƙasan jirgi sanyi na iya lalata shi, jakar ma tana iya ɓata. A riƙe takardar likita mai sunan maganin, a ɗauki ninkin abin da zai buƙata. In bambancin lokacin ya kai awa huɗu ko biyar, likitansa ne zai tsara masa yadda zai matsar da lokutan allura, tun kafin a tashi. A nemi abincin masu ciwon suga a wurin kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tafiya. Ranar taron kuma, abincin taro ba ya fitowa a kan lokaci, kowa ya sani. Kada Baba ya yi allurar cin abinci sai kwano na gabansa, kuma a ajiye masa ɗan abin zaƙi a aljihu.

Ni zan riƙa yin cefane a gidan ƙanwata a Faransa. Ba na cin naman alade ko abin da aka sa wa giya, ɗanta kuma jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa. Ba na jin Faransanci. Yaya zan gane? — Daga wata yaya

'Yar'uwa, kalmomi kaɗan za ki haddace. A Faransa: porc, jambon, lardons, da saindoux, wato kitsen alade. A Jamus Schwein, Speck da Schmalz. A Italiya maiale da strutto. A Sifen cerdo da jamón. Jelatin yana ɓuya a alewa mai danƙo, wasu yogot da kayan zaƙi, kuma a Turai yawancinsa daga alade ne sai in an rubuta akasin haka. Sinadarin haɗin abinci mai lamba E471 yana iya zama na tsiro ko na dabba, lambar kaɗai ba ta faɗa. Gajeriyar hanya ita ce neman tambarin halal, ko alamar abincin da ba kayan dabba ko ɗaya a ciki. Sai dai wannan alama ta biyu ba ta ce komai a kan giya ba, sai ki nemi vin, rhum, bière ko alcool a jerin. Maganar cewa wuta tana ƙone giya duka ba haka take ba: bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin 100 na nan, sai an haura awa biyu take komawa ɗan kaɗan.

Na yaron ya fi gaggawa, don rai ne. Dokar Turai ta tilasta a fito da abubuwa 14 masu tayar da alaji a jerin kayan haɗi, galibi da baƙin rubutu mai kauri. Gyaɗa ita ce arachide ko cacahuète. Amma haɗarin ya fi yawa a tsarabar da kika zo da ita, wadda ba takarda a jikinta: garin yajin da aka niƙa a injin da ya niƙa gyaɗa, ko abin da aka soya da manta. In ba ki da tabbas, kada ya shiga tukunyar gida. Cokali ɗaya da ya zaga tukwane biyu ya isa. Kada kuma wani babba ya ce a ba shi kaɗan ya saba. Ba a sabawa da wannan a gida. Ki sa ƙanwarki ta nuna miki inda allurar gaggawarsa take da yadda ake soka ta a cinya. Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar: a yi allurar nan take a kira lambar gaggawa, 112.

Daga gidan kawuna za mu wuce wani gari, tafiyar awa biyar a mota, muna so mu kai wa gwaggo ragowar abincin taro. Zai kai? — Daga wani matashi

Zai kai, ɗan'uwa, in tun daren taron aka yi abin da ya kamata. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a wannan tsakani ba, awa ɗaya in ana tsananin zafi. To hira ta yi daɗi, tukwane na kan teburi har tsakar dare: wannan abincin ya riga ya fita daga lissafi, kada a kai wa tsohuwa.

Shinkafa ce ta fi yaudara. Tana ɗauke da wata ƙwaya da dahuwa ba ta kashewa, in ta daɗe da ɗumi sai ta saki dafi, ɗumame kuma ba ya karya dafin. Ba wari, ba yauƙi, sai amai bayan 'yan awoyi. A baza ta a faffaɗan mazubi ta huce cikin awa ɗaya, a sa firji, a cinye cikin kwana ɗaya. Ni da ku, shinkafar a bar ta, a dafa sabuwa a gidan gwaggo. Miya da nama a zuba a ƙananan robobi marasa zurfi, a daskarar da su cikin dare. Da safe a jera a kula mai riƙe sanyi, ƙanƙara a ƙasa da sama, a cike gurbin da ya rage da tawul, a ajiye cikin mota inda rana ba ta bugu, kada a yi ta buɗewa. Da isa a tafasa har tsakiya ya yi tururi, kimanin digiri 75, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. In hanyar za ta tsallaka iyakar wata ƙasa, ku koma amsar farko.

Zan yi mako uku a gidan ƙanena a Kanada. Ina so in fitar da iyalinsa gidan abinci in biya, amma na san ba zai bari ba. Kuma ban san ƙa'idar wurin ba. — Daga wani magidanci

Alhaji, niyyar ta yi kyau, don mako uku na baƙo yana taɓa aljihun mai gida ko bai faɗa ba, kuma ƙani ba zai taɓa faɗa wa yayansa ba. Kada ka bari sai takardar kuɗi ta zo ku kama ja-in-ja a gaban ma'aikaci. Faɗa masa tun a gida cewa wannan fitar taka ce, shi ya zaɓi wurin. Da kun zauna, ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka sanar da mai hidimar teburinku cewa kai za a kawo wa lissafi.

Kuɗin da ke jikin takardar abinci a Kanada da Amurka ba shi ne ƙarshe ba. Za a ɗora haraji, sannan ga tukwicin ma'aikaci, kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wanda a can kamar wajibi ne. In kun kai shida ko takwas wasu wuraren sun riga sun saka shi a lissafi, sai ka duba kada ka biya sau biyu. A Landan ana yawan ƙara kashi 12.5 kai tsaye, a Faransa kuɗin hidima na cikin farashi, a Japan kuwa ba a bayarwa sam. Ka sanar da bankinka za ka yi tafiya, ka gwada katin a ƙaramin sayayya kwana ɗaya kafin nan, kuma in na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake, canjinsa ya fi sauƙi. Mutum ya haura shida, a kama teburi tun da kwana biyu, musamman daren Juma'a da Asabar.

In ƙanen naka ya kafe ya rantse, kada ka karya masa rantsuwa a gaban matarsa da 'ya'yansa. Bar shi ya biya. Ranar da za su cefanen mako ka bi su, ka riga shi miƙa kati a wurin biya.